Taimakon ƙasashen waje: mi ke zama bayan furoje ya tashi?

A bakin garuruwa da yawa na karkara akwai allon ƙarfe. Wani yana kusa da rijiya, wani yana gaban lekol ko likita, wani kuma yana bakin gona. Bisa allon an zana tuta biyu ko uku, an rubuta sunaye da lambobi. A da, mutane suna wucewa ba su san abin da ke bisa ba. Yanzu wanda ya shiga yaƙi da jahilci yana tsayawa ya duba. Ko da rubutun na Faransanci ne, yana gane sunan ƙasa, da shekara, da yawan kuɗi.

Allon yana faɗin wanda ya ba da kuɗi da lokacin da aka fara aiki. Amma akwai abu biyu da ba ya faɗi. Kuɗin nan kyauta ne ko bashi? In baƙi sun tafi, wa zai riƙe aikin? Akwai garin da allonsa ya yi tsatsa ya faɗi, amma rijiyarsa tana ba da ruwa har yau. Akwai garin da allonsa ke tsaye, amma famfonsa ya mutu tun shekaru, mata sun koma tabki. Ya kamata mutanen karkara su san abin da ya raba garuruwan nan biyu.

Alkawarin 1970

A shekarar 1960 Nijar ta samu ƴancin kai, tare da ƙasashen Afirka da yawa. Hanyoyi kaɗan ne, lekol da likita ma kaɗan ne. Kuɗin gwamnati ba su isa a yi duka ayyukan ba. Sai aka shiga biɗar haɗin gwiwa da ƙasashe masu arziki.

A 1970, a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tsaida magana. Aka ce kowace ƙasa mai arziki ta ware wani abu daga abin da ta samu a shekara, don taimakon ƙasashe masu tasowa. Abin da aka yanka shi ne tamma 7 cikin kowace jika guda. Wato in ƙasa ta samu jika 10, ta ba da dala 14.

Abin ba shi da yawa, amma ƙasashe ƙalilan ne suka cika alkawarin. Cikinsu akwai Suwidin, da Norwe, da Danmak, da Luksambur. In an haɗa ƙasashe masu bayarwa duka, abin da suka ba da a 2023 da 2024 bai wuce tamma 3 zuwa 4 cikin jika ba. Rabin alkawari ke nan.

Farin 1973

Abin da ya jawo idon duniya ga Sahel shi ne fari. Daga 1968 ruwan sama ya yi ta raguwa, har abin ya kai matuƙa a 1973. Gonaki ba su yi ba, bisashe suka mutu, mutane suka watse suka nufi birane. Jiragen sama da manyan motoci suka kawo dawa da masara daga waje.

A watan Satumba na 1973 ƙasashe 6 suka taru a Wagadugu: Nijar, da Mali, da Cadi, da Senegal, da Muritaniya, da Hotbolta wadda ake kira Burkina Faso yanzu. Suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari mai suna CILSS, don su yi magana da baki ɗaya gaban masu ba da taimako. A 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai, mai bin sawun ruwan sama da halin gonaki. A 1975, a Lome ta ƙasar Togo, ƙasashen Turai 9 suka sa hannu bisa yarjejeniyar ciniki da taimako da ƙasashe 46 na Afirka, da Karayib, da Fasifik. Nijar tana ciki. Daga waɗannan shekaru ne kalmar furoje ta shiga bakin kowa a karkara.

Ta ina taimako ke zuwa?

Hanya uku ce.

Ta farko, daga ƙasa zuwa ƙasa. Gadar Kenedi ta Yamai, wadda aka buɗe a 1970, da kuɗin Amurka aka yi ta. Gada ta biyu, ta 2011, ƙasar Sin ce ta gina.

Ta biyu, ta hannun manyan ƙungiyoyin da ƙasashe da yawa ke zuba ma kuɗi. Akwai PAM mai kula da abinci, da FAO da FIDA masu kula da noma, da UNICEF mai kula da yara, da OMS mai kula da lafiya. Akwai kuma bankuna: Bankin Duniya, da Bankin Raya Afirka, da Bankin Musulunci.

Ta uku, ta hannun ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda ake kira ONG. Su kuɗinsu daga gudummawar mutane ne, ko daga gwamnatocin ƙasashensu.

Kyauta daban, bashi daban

Ba duk abin da ake kira taimako ne kyauta ba. Wani kyauta ne, ba a biya. Wani abinci ne na gaggawa lokacin yunwa. Wani ma'aikata ne masu sani, da ake turowa su yi shekara biyu ko uku. Wani kuma bashi ne mai sauƙi.

Ga misalin bashi mai sauƙi. A 1960 Bankin Duniya ya buɗe wani reshe don ƙasashe matalauta. A farkonsa yana ba da bashin da za a biya cikin shekara 50. Shekara 10 na farko ba a taɓa uwar kuɗi. Sauƙi ne babba, amma bashi bashi ne. Wanda ya sa hannu yana iya barin duniya, jikokinsa su biya. Kuma kuɗin biyan daga haraji da kuɗin kwastan suke fitowa, wato daga aljihun talaka.

Nijar ta ɗanɗana wannan. A 1971 aka fara fitar da yuraniyom a Arlit. Kuɗi suka shigo, gwamnati ta ci bashi ta yi gine-gine, da fatan kasuwa za ta ɗore. A farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya faɗi, bashi kuwa yana nan. Daga 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da asusun lamuni na duniya, FMI, sannan da Bankin Duniya. Suka ba da kuɗi, amma da sharaɗi: a rage kashe kuɗin gwamnati, a rage tallafin da ake yi ma takin zamani da kayan noma, a saida ko a rufe wasu kamfanonin gwamnati. Manomi bai halarci taron ba, amma ya ji abin a jikinsa ranar da ya je sayen taki. Sai a shekarar 2000 aka fara sauƙaƙa ma Nijar bashin, a 2004 aka yafe babban kaso.

Don mi suke bayarwa?

Ruwa ba ya tsami banza. Cikin masu bayarwa akwai masu tausayi na gaskiya, waɗanda suka ga hoton yaro mai yunwa suka cire daga aljihunsu. Amma gwamnatoci suna da nasu lissafi. Wata tana biɗar kasuwa ga kayanta. Wata tana biɗar ma'adinai. Wata tana son abokai masu goyon bayanta a Majalisar Ɗinkin Duniya. Wata tana son a tare matasa masu ratsa hamada zuwa Turai.

Akwai kuma taimako mai igiya. Ƙasa ta ba da kuɗi, ta ce dole a sayi mota da injin daga gare ta, a ɗauki ma'aikatanta. Sai kaso mai yawa na kuɗin ya koma inda ya fito. Wani lokaci kuma a kawo injin da babu kayan gyaransa a Maraɗi ko Damagaram. A 2001 ƙasashe masu bayarwa suka amince su kwance wannan igiya ga ƙasashe mafi talauci. An samu sauƙi, amma igiyar ba ta ɓace duka ba.

Sanin haka ba dalilin ƙin taimako ba ne. Dalili ne na buɗe ido kafin a karɓa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

To, cikin ayyukan da aka yi a Nijar, waɗanne ne suka ɗore, kuma don mi? Ga labarin wurare uku.

Keita: duwatsun da mata suka ɗauka

A 1984 fari ya sake dawowa. Ƙasar Keita, cikin Adar, jihar Tawa, tana cikin inda abin ya fi tsanani. Itatuwa sun ƙare. Tudu ya zama fako, ruwa ba ya shiga. In an yi ruwan sama, sai ya gangaro da ƙarfi ya yanke gonakin fadama. Maza da yawa sun tafi biɗa Najeriya da Abijan.

A wannan shekara aka fara furojen Keita. Ƙasar Italiya ta ba da kuɗi. FAO ta jagoranci aiki tare da ma'aikatan Nijar. PAM ta kawo abinci: wanda ya yi aikin wuni, a ba shi rabon abinci na wuni. Manyan injuna suna fasa fako. Mutane suna gina ramuka a jikin duwatsu, suna jera gandari, suna dasa itace. Mafi yawan masu aikin mata ne, tunda maza ba su nan. Su ne suka ɗauki duwatsu a ka, cikin rana, shekara da shekaru.

Cikin shekara kusan 20 aka farfaɗo da fiye da hekta 30,000, aka dasa itatuwa kusan miliyan 18. Aka yi madatsun ruwa, da rijiyoyi, da hanyoyi. Inda ciyawa ba ta fita, aka koma ana yankan hatsi. Ruwa ya zamna cikin ƙasa, noman rani ya samu.

Keita ta nuna cewa ƙasar da ta mutu tana iya tashi. Ta nuna kuma cewa kuɗin Italiya kaɗai ba su jera dutse ko guda ba, hannun mutane ne ya jera. Amma aikin yana da tsada ƙwarai. Injuna suna shan mai, abincin aiki daga waje yake zuwa. Babu garin da zai iya yin irinsa da ƙarfin kansa. Da kuɗin waje suka ragu, manyan ayyuka suka ragu. Abin da ya rage a hannun mutane shi ne abin da suke iya yi da kansu: gyaran gandari, da gina rami, da tsaron itace.

Maraɗi: itacen da ke ƙarƙashin ƙasa

Bayan farin 1973, furoje da yawa sun zuba kuɗi wajen dashen itace. Ana renon ƴan itatuwa cikin leda, ana kai su garuruwa, ana shinge fili. Da yawansu ba su kai rani na biyu ba. Rana ta ƙone wasu, awaki suka ci wasu, gara ta ci saura. Mutane ba su damu ba, don ba su ɗauki itacen nasu ba ne. Na furoje ne, ko na gwamnati. A wancan zamani manomi yana tsoron gardin daji. In ya sare itace a gonarsa, ana iya cin shi tara. Don haka ya fi son gona fayau, babu itace ko ɗaya.

A farkon shekarun 1980 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostiraliya, mai suna Toni Rinaudo, yana aiki da mishan ta SIM a jihar Maraɗi. Shi ma ya yi ta dashe, itace na mutuwa. A 1983 ya lura da wani abu da manoma suka daɗe da sani. Ƴan tsirran da ke fitowa cikin gonaki, waɗanda ake sassabewa kowace bazara, ba ciyawa ba ne. Kututturan itatuwa ne da aka sare, saiwarsu tana da rai cikin ƙasa. In an zaɓi reshe mai ƙarfi ɗaya zuwa biyar aka bari, aka datse saura, sai ya tashi da sauri, don saiwarsa ta riga ta kai ga laima. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa. Wuƙa ko gatari sun isa. Aka sa ma dabarar suna sassaben zamani.

Da farko manoma kaɗan ne suka yarda, ana yi musu dariya, ana cewa gonarsu ta ƙazanta. Da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa abin da rabon abinci a garuruwa kusan 100: mai son abinci ya bar itace a gonarsa. Aka bar itatuwa wajen 500,000. Da aka daina rabon abinci, kusan kashi 2 cikin 3 na itatuwan aka sare. Wannan darasi ne babba. Aikin da aka yi don buhu, yana ƙarewa tare da buhu.

Amma waɗanda suka bar nasu sun ga amfani. Iska ba ta binne shibka. Ganye yana zama taki. Mata suna samun itacen wuta kusa da gida. Bisashe suna samun abinci da rani. Ana saida itace a kasuwa a sayi hatsi. Maƙwabci ya gani, ya yi koyi, ba tare da an ba shi komi ba. A jihar Damagaram, wajen Magarya da Matamai da Mirya, manoma suka yi ta barin gawo a gonakinsu. Gawo yana zubar da ganye da damana, don haka ba ya rufe ma hatsi rana, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne.

Hukuma ma ta sake hali. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi bisa yaƙi da hamada. A 1993 aka fito da dokar karkara, a 2004 aka sake dokar daji. A 2020 gwamnati ta fito da doka ta musamman, wadda ta tabbatar ma manomi haƙƙinsa bisa itacen da ya rena a gonarsa.

Masu bincike sun gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da na shekarun 2000. Suka tarar itace ya dawo bisa hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar. Sun ƙiyasta itatuwan sun kai miliyan 200. Wato sun ninka na Keita sau 10, kuma kuɗin waje da aka kashe kaɗan ne ƙwarai. Yau ƙasashe da yawa na Afirka suna koyon dabarar daga manoman Nijar.

Illela: tafiyar da ta fi injin

A ƙasar Illela, jihar Tawa, an yi wani furoje da kuɗin FIDA. A 1989 furojen ya ɗauki wasu manoma ya kai su Yatenga, cikin Burkina Faso. Can suka ga ƴan'uwansu manoma suna gina ƙananan ramuka bisa fako da rani, suna zuba taki ciki, suna shibka in ruwa ya sabka. Ramin yana tara ruwa. Takin yana jawo gara, gara tana huda ƙasa, ruwa yana shiga.

Mutanen Adar sun san irin wannan rami tun da, suna kiransa tassa. Abin da suka gani a Yatenga shi ne yadda aka ƙara masa girma da taki. Da suka dawo gida, wasu suka gwada. A 1990 damana ba ta yi kyau ba. Gonaki da yawa suka ƙone, amma masu tassa suka samu hatsi. Ba a sake yi ma kowa dogon bayani ba. Cikin ƴan shekaru, fakon da ake bari banza ya zama abin saye da kuɗi.

A nan taimakon waje ya biya kuɗin mota da horo. Ilimin kuwa daga maƙwabta ya zo, kuma hauya da kwando duk manomi yana da su.

Famfon da ya mutu, da kurkunun da ya tafi

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 1981 zuwa 1990 don ruwan sha. Aka gina rijiyoyin burtsatse masu yawa a Sahel, aka sa musu famfo na hannu ko na ƙafa. Ranar buɗewa ana kiɗa ana guɗa. Bayan shekara biyu ko uku sai wani ƙaramin ƙarfe ya karye. A garuruwa da yawa babu wanda aka koya ma gyara, babu asusu, babu mai saida kayan gyara kusa. Kowa yana jiran masu furoje su dawo. Su kuwa sun rufe ofis sun tafi.

Inda famfo ya ɗore, sai an tarar da abu guda. Gari ya kafa kwamitin ruwa. Ana biyan ɗan kuɗi bisa kowane tulu ko kowane gida. Ana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Akwai mai gyara da aka sani, ana biyansa.

Ciwon kurkunu ya nuna abin da hannu biyu ke iya yi. A 1991 an ƙirga masu kurkunu kusan 33,000 a Nijar. Ciwon yana kama mutum da damana, ya kwantar da shi lokacin noma. Ba shi da allura, ba shi da maganin sha. Cibiyar Jimi Kata, tsohon shugaban Amurka, da UNICEF, da OMS suka kawo ƙyallen tace ruwa, da horo, da kuɗin rijiyoyi. Amma uwar gida ce ke tace ruwa kowace safiya. Ɗan gari ne ke hana mai kurkunu shiga tabki, yana rubuta sunan duk wanda ya kamu. A 2013 OMS ta ba Nijar shaidar rabuwa da kurkunu.

Taimako yana iya tsayawa

Tsofaffi sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A 2005, a birnin Paris, ƙasashe da ƙungiyoyi fiye da 100 suka yarda da wata ƙa'ida: ƙasar da ake taimaka ma ita za ta tsara abin da take so, masu bayarwa su bi tsarinta, kuma kowane ɓangare ya ba da lissafi. Maganar tana da kyau. Amma makullin akwati yana hannun mai bayarwa.

A watan Yuli na 2023 sojoji suka karɓi mulki a Nijar. Tarayyar Turai, da Faransa, da Jamus, da wasu ƙasashe suka dakatar da kuɗin da suke zuba ma gwamnati. Ƙungiyar CEDEAO kuma ta sa takunkumi. A watan Oktoba na wannan shekara, gwamnati ta rage kasafin kuɗinta da kusan kashi 40 cikin 100. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumarta ta ba da taimako, USAID, wadda ta yi aiki fiye da shekara 60 a ƙasashen duniya. Ingila, wadda ta cika alkawarin tamma 7 a 2013, ta rage zuwa tamma 5 a 2021.

Waɗannan shawarwari a manyan birane aka yanke su, nesa da gona. Babu mai garin da aka tambaya. Aikin da ke jiran kuɗin waje kowane wata ya shiga wahala. Gawon da ke gonar manomi a Magarya kuwa bai san an yi ba. Tassar Illela ma ta tara ruwanta kamar kullum.

Tambayoyin da gari zai yi

Akwai ayyukan da suka fi ƙarfin gari: gada, da babbar hanya, da allurar rigakafi, da abinci lokacin yunwa. A nan taimakon waje ya ceci rayuka da yawa, kuma ya cancanci godiya. Amma in motar furoje ta tsaya a ƙofar mai gari, godiya kaɗai ba ta isa ba. Baƙo na kirki ba ya jin haushin tambaya. Ga abin da ya kamata a tambaya a gaban jama'a:

1. Kuɗin aikin kyauta ne ko bashi? In bashi ne, wa zai biya?

2. Shekara nawa furojen zai yi? Wace shekara zai tashi?

3. Wa ya zaɓi wannan aiki? Shi ne abin da gari ya fi bukata?

4. Mi gari zai kawo: fili, ko ƙarfi, ko kuɗi?

5. In an gama, abin na wane ne? Filin da aka farfaɗo, wa zai noma shi? A rubuta a takarda, a sa hannu gaban kwamitin filaye, tun kafin fako ya zama gona.

6. In abu ya lalace, wa zai gyara? Ina ake saida kayan gyara, kuma nawa ne?

7. An ji ta bakin mata? An ji ta bakin makiyaya masu bi ta wurin da bisashensu?

8. In babu rabon abinci, mutane za su yarda su yi wannan aiki? In amsar a'a ce, to aikin ba zai daɗe ba.

Aikin masu karatu

A nan ne yaƙi da jahilci ke da babban amfani. Kwamitin da ba shi da marubuci, kuɗinsa suna ɓacewa, zargi ya shiga tsakanin ƴan'uwa. Garin da ba shi da mai karatu, yana dangwala yatsa bisa takardar da bai san abin da ke ciki ba. Duk namiji ko macen da ta iya rubutu da lissafi tana iya riƙe littafin asusun famfo, ko na bankin hatsi. Tana iya rubuta alkawarin da baƙi suka yi, da ranar da suka yi shi, ta karanta ma jama'a in shekara ta kewayo.

Kowane furoje yana da ranar zuwa da ranar tafiya. Gari kuwa yana nan. Abin da mutane suka fahimta, suka ɗauka nasu ne, kuma suke iya gyarawa da abin da ke hannunsu, shi ke zama bayan mota ta juya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ya kamata kowace cibiyar karatu ta ware zama guda bisa wannan magana. A fita a duba allunan da ke cikin gari. A rubuta ayyukan da aka kawo, da waɗanda ke aiki, da waɗanda suka tsaya, da dalilin tsayawarsu. Sannan a kai takardar gaban mai gari, a zaɓi aiki guda da za a tayar kafin damana ta sabka.